Tawadar da Na Ɗora a Kan Hannun Matattu

Shekarar da annobar korona ta sa aka rufe Harami, muka ga filin ɗawafi fayau babu kowa, a shekarar na yi wani kuskure da zan tuna har ranar da za a kai ni makwanci.

A unguwar Rusaifa ta Makka nake haya. Maƙwabcina wani dattijo ne haifaffen Makka, kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa daga Sakkwato. Ya yi karatu a Amurka, ya dawo da ƙaunar ƙwallon kwando, yana tara kayan tsofaffin 'yan wasa. Abin da ya fi so wata ƙwallo ce ta fata, ta haura shekara sittin, 'yan wasa goma sha ɗaya sun sa hannu a jikinta. Duk sun rasu.

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarsa, ya ajiye akwatin da ƙwallon ke ciki a ƙofata, ya kira ni a waya yana haki. "Malam, amana. Za a kashe na'urar sanyaya ɗakina, zafi zai fasa fatar. Ka ajiye mini."

Kwana huɗu ina kallonta. Ni almajirin alƙalami ne, tun ina yaro na saba idan rubutun tsohuwar takarda ya dushe, a bi shi da sabuwar tawada don kada ya ɓace. Na ga sunaye uku sun kusa shafewa, sai tausayi ya kama ni. Na fiƙe alƙalami, na yi bismillah, na bi su a hankali, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Har ina jin daɗin aikina.

Da 'yarsa ta kira daga Jidda, na nuna mata a waya cikin alfahari. Sai ta ce, "Ya ammi, baffana, me ka yi? Hannunsu ne abin, ba sunan ba! Yanzu ai hannunka ne." Ta ƙara da cewa an mayar da mahaifinta ɗakin masu tsananin ciwo, ba ya magana.

Na ɗauko tsumma zan goge, na tuna idan na goge nawa, nasu zai bi shi. Na zauna ina duban hannuna. Tsoron da ya shige ni ba na fushinsa ba ne. Idan ya rasu bai sani ba, wa zai yafe mini? Mutum ya ba ni amana numfashi na ƙwace masa, na ɓata ta. Kwana goma sha tara, duk lokacin da waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi. Abinci ya daina shiga. A sujada roƙona ɗaya ne, Allah Ya bar shi ko da na yini guda.

Allah Ya tashi kafaɗunsa. Da ya dawo, na kai masa akwatin, na faɗa masa kafin ya buɗe. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, idanunsa sun kawo ruwa. Bai ce ya yafe ba. Ya shiga ciki ya fito da wata takarda a naɗe cikin ƙyalle.

"Wasiƙar kakana ce, da ajami, bai samu aikawa gida ba. Babu mai iya karantawa a gidanmu. Ka karanta mini, khalas, shi ke nan, mun rabu lafiya." Ya ɗaga yatsa. "Amma wallahi ka bar alƙalaminka a gida."

Na karanta masa, hannayena a bayana. Kakan yana gaida mahaifiyarsa, yana cewa ya iso, ya ga Ka'aba da idonsa. Dattijon ya yi kuka, ya ce, "Na yafe, ya akhi, ɗan'uwana."

Daga ranar na gane amana ajiyewa ake yi, ba gyarawa ba, ko da zuciyarka ta rantse maka alheri take nufi.