Ranar da Yaya Ya Shiga Majalisar Yara

A shekarun da nake koyarwa a wata firamare a Tambuwal, gidan haya muke zaune ni da 'ya'yana, katanga ɗaya tsakaninmu da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista, wadda kowa ke kira Maman 'yan biyu. Da maigidana ya rasu, ita ce ta riƙa shigowa da sassafe ta ɗora mini ruwan zafi, ta share tsakar gida, ta wuce wurin aikinta ba ta tsaya jiran godiya ba.

Wani dogon hutu, cikin damina, ta same ni ina tsintar shinkafa. Ta ce cocinsu za su shirya wa yara majalisa irin ta ƙasa, su zaɓi shugabanninsu, su kawo ƙudiri, su yi muhawara, su ga yadda ake yin doka.

"Malama, ki bar mini babban yaron nan," in ji ta. "Addu'armu mukan yi ta da farko, yaran Musulmi su jira a gindin dogon yaro, sai mun gama su shigo. Akwai 'ya'yan wani malamin asibiti ma, shi ma Musulmi ne."

Ɗan farina ne take nufi. Yana aji shida a lokacin, kuma tun rasuwar mahaifinsa ya koma shiru-shiru, sai ka yi masa tambaya uku kafin ka ji amsa ɗaya. Na ce ya je.

Ba a jima ba yaron ya canza. Ya dawo wata rana yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, ƙanwarsa ta tona masa, wai shi aka zaɓa kakakin majalisa. Daga nan gidanmu ya koma wurin gwaji. Ko tuwo za a yi ko shinkafa, sai ya jera ƙannensa a tabarma ya ce waɗanda suka yarda su ce i. Ya koya mini yadda ake yi wa ƙudiri karatu na farko da na biyu, da yadda ake tura shi ga kwamiti. Ina jin daɗi, amma ba na nunawa, ɗan fari ne.

Ranar da aka gayyaci iyaye na saka mayafina na tafi. An jera bencina suna fuskantar juna, masu rinjaye a dama, marasa rinjaye a hagu. Sandar majalisa taɓarya ce aka naɗe da takarda mai ƙyalli, an ɗora ta a kan teburi. Ɗana na zaune a kujera a bayan teburin, an yafa masa wani baƙin ƙyalle. Ƙudirin da suke kai na famfon unguwa ne: yara kan yi sammako su jera bokitai, manya su zo su ture su. Wani yaro ya ce a hana manya ɗiban ruwa da safe. Wata yarinya ta tashi ta ce to uwarta da ke girki fa? Iyaye muka yi ta dariya, ɗana ya buga teburi ya ce a yi shiru, muka yi shiru.

Ana cikin haka na ji ƙarar babur a waje. Yayana ne daga Kebbe, wanda ya tsaya mana tsayin daka tun da aka yi mana rasuwa. Ya kawo mana ɗanyar masara, ya tarar da gida a kulle, wani yaro a layi ya ce masa mun tafi coci. Bai ƙara tambayar komai ba.

Ya shigo wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya dubi gicciyen da ke bango, ya dubi ɗana a cikin baƙin ƙyalle.

"Kai! Mi kaka yi nan? Wa yak kawo ka?"

Ya waiwayo ya hango ni.

"Ke, marayu anka bar miki amana, shi ne kinka kwaso su nan a juya musu kai?"

Maman 'yan biyu ta taso a hankali ta rusuna masa. "Baba, sannu da hanya. Zauna ka ji, maganar famfo ce suke yi."

"Ba da ke nika ba. Mun san irin aikinku."

Sai wata 'yar mitsitsiyar yarinya a bencin hagu ta ɗaga hannu, da gaskiyarta ta ce, "Mai girma kakaki, baƙo yana magana ba a ba shi izini ba." Wani a baya ya kasa riƙe dariya. Fuskar Yaya ta haɗe. Ya nufi teburin ya kama hannun yaron, gefen rigarsa ya ja taɓaryar ta faɗo ƙasa, ta gangara har ƙarƙashin benci.

Ɗana ya dube ni. Ina da abin faɗa, ni na ba shi izini, na kuma san abin da ake yi a wurin. Amma yayana ne, ga mutane, ga shi an rene mu a kan cewa uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Yaron ya cire ƙyallen, ya ninke shi, ya miƙa wa yarinyar da ke mataimakiyarsa. Muka fita a jere, Yaya a gaba, ni a baya, ina jin idanun iyayen a bayana. Ban iya duban Maman 'yan biyu ba.

A gida na kawo wa Yaya ruwa ya ƙi sha. Da ya ɗan huce na zayyana masa komai. Ya yi ta murza hularsa a hannu. Daga baya ya ce shi tsoro ya ji, in labari ya isa Kebbe dangin uban yaran za su ce mun kasa, su zo su kwashe su. Na san ba ƙarya yake yi ba. Ya ce duk da haka kada yaron ya koma. Ya sauke masarar, ya hau babur ya tafi ko abinci bai ci ba.

Bayan nan na riƙa ɓoye wa maƙwabciyata. In na ji motsin ƙofarta sai in koma ɗaki. Na daina shanya a igiyar da ke jikin katangarmu. Kasuwa ma ta bayan layi nake bi. Masarar na dafa, na kasa aika mata, alhali a da ba ma cin sabon abu ba tare da an miƙa wa juna ba. Ɗana kuwa bai ce mini komai ba, kuma wannan ya fi damuna. Ya koma zamansa na gefen ɗaki.

Maƙwabciyata ce ta gaji ta shigo. Ta tsaya a bakin ɗaki da kayan aiki a jikinta.

"Malama, laifi na yi miki?"

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, sai kuka. Ta zauna kusa da ni ta bari na gama. Ta ce da a ce nata wan ya zo ya tarar da tagwayenta a makarantar Islamiyya ba tare da an gaya masa ba, da abin da zai yi ya fi haka. Ban sani ba ko gaskiya ce ko don ta sauƙaƙa mini ta faɗa. Kunyar dai ba ta ragu ba, sai ma ta ƙaru da na ga ita ce ke lallashina.

Ɗana ya leƙo daga ɗaki ya gaishe ta, sannan ya tambaya ƙasa-ƙasa yadda aka ƙare da maganar famfo. Ta ce an gyara ƙudirin, an yarda a yi layi biyu, na yara da na manya, ana ɗiba bi da bi, kuma sun kai wa mai unguwa ya ce zai duba. Ya tambayi wa ya yi magana a gaban mai unguwa. Ta ce mataimakiyarsa, kuma yarinyar ta kai maganar har ƙarshe.

Ya gyaɗa kai, ya ce dama ta iya. Ya ɗauki buta ya fita, lokacin la'asar ya yi.