Inuwar Akuyar Inna

Ni ne da laifi, ba rana ba, ba kuma akuyar ba.

Bayan yaƙi na yi aikin ban ruwan furanni a wani gidan saukar baƙi a Kano. Da aikin ya ƙare na koma ƙauyenmu Gafasa da wando mai kari da wani tsiro a gwangwani. Ganyensa tsage-tsage ne kamar gashin jimina. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya son rana. Na ga manyan ma'aikata suna ajiye shi a baranda, sai na ɗauka daga jikinsa girman yake fitowa.

Inuwa ɗaya ce a gidanmu, gindin ceɗiya, inda mahaifiyata Inna take ɗaure akuyarta, ga akuyar da ciki. Na tumɓuke turken na kafa shi a bayan rumbu, na kewaye gindin bishiyar da kara, na ajiye tsiron a ciki, na ce daga yau sunan wurin lambu. Inna ta tambaye ni ko ana miya da shi, na ce a'a. Ko magani ne? Na ce na kallo ne. Ta tsaya ta dube shi sosai.

"To, na kalla," in ji ta. "Sai me kuma?"

Maƙwabta ba su yarda ba. A ganinsu babu mai hankalin da zai riƙa jan guga a bazara saboda ciyawa, sai dai in asiri ne. Wani dattijo ya roƙi ganye don ciwon baya, na hana shi, maganar ta ƙara ƙarfi har ta kai kasuwar Ajingi. Ban ƙaryata ba. Daɗi nake ji.

Duk wannan lokaci akuya tana bayan rumbu, inda inuwa ba ta zuwa sai la'asar. Inna ta kafa sanduna ta rataya mata tsohon zane. Ta ce mini dabbar nan fa tana haki, na ce ai akuyar ƙauye ta saba, shi wannan tsiron baƙo ne.

Ana nan akuyar ta yi ɓarin 'ya'ya biyu. Inna ta binne su da kanta, ta kawo mini tuwo kamar kullum. Na rufe kwanon ban ci ba.

Da safe na yaye karan, na mai da turke gurbinsa. Na sami Inna tana tankaɗe, na cire hula na tsuguna.

"Inna, na je birni na koyo kallo, na dawo na kasa ganin abin da ke gabana. Kin faɗa mini, na ƙi ji. Don Allah ki yafe mini."