Kwabo a Kan Hannun Garmaho

A layin masu gyaran rediyo na Babbar Kasuwar Kaduna, wata mata tana tsaye rungume da garmaho kamar jariri. Za ta kai shekara hamsin. Akwai garin alli a gefen mayafinta, ba shakka malamar makaranta ce, irin wadda ba a yi wa musu.

"Malam, allurar tsalle take yi, kullum a wuri ɗaya."

Mai gyara yana kallon tsohon kwabon da aka ɗaure da kyauro a kan hannun allurar. "Hajiya, nauyin nan cinye faifai yake yi."

"Haka marigayi babanmu ya bar shi," in ji ta, fuska a ɗaure. Amma da kanta ta kwance kwabon, ta ƙulle a bakin mayafi.

Ya goge faifan, ya daidaita zaman akwatin, ya murɗa ƙarfen da ke bayan hannun. Kiɗa ya tashi. Leɓɓanta suna bin waƙar kalma-kalma, har inda allura ta saba tsallakewa. Yau ba ta tsallake ba. Matar ta matso da kunnenta. Wannan baitin ba ta taɓa jin sa ba.