Cinikin da Alhaji Lawali Ya Yi a Cikin Kwantena

Wanda ya ga dama ya ce ƙarya nake, ya daɗe bai faɗa ba, amma na rantse da Wanda ya halicce ni a gabana aka yi wannan abu, da rana tsaka kuma, idona biyu. Shekarar da Chana ta karɓi wasannin Olamfik ne, ina Guangzhou ina aikin kago, wato ni ne mai yi wa ƴan kasuwarmu tafinta, in raka su shaguna, in haɗa musu kaya in ɗora a jirgi.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Lawali, mai safarar tocila da fitilu masu caji. Mutum ne mai son ciniki kamar me, ko ayaba zai saya sai ya taya. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma hawan jinin ido na cin sa a hankali, likitan da na kai shi wurinsa ya gaya mana ƙiri-ƙiri babu gyara, sai dai magani ya ja masa lokaci. Burinsa ya lallaɓa ɗan ganin da ya rage ya kai shi gida, don ƴarsa ta haihu bayan tahowarsa, jikansa na fari, bai sa shi a ido ba.

Wata rana muna wani katafaren shagon kayan wuta a Tianhe, sai na waiga na gan shi ya ƙame gaban jerin talabijin ɗin da ake kunnawa don talla, duk suna nuna abu ɗaya: wani koren haske yana kaɗawa a sararin samaniya kamar an shanya zani iska na ɗagawa, ƙasa kuma fari fat da ƙanƙara. Ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi, ya ce, "Ɗana, abin ga na gaske na, ko aikin inji na?"

Na tambayi lawban, mai shagon ke nan, ya ce na gaske ne, can ƙarshen duniya ta arewa ake ganin sa. Ya ce a Chana ma akwai wani gari Mohe a bakin iyakar Rasha da akan dace jefi-jefi, amma mai so da gaske ƙasashe irin su Nowe yake tafiya lokacin sanyi. Shi ke nan fa, Alhaji ya sa abin nan a ransa. Ya ce shekara da shekaru yana sayar wa mutane haske na ƙarya, yana so ya ga na Allah kafin a kashe masa fitila.

To nan ne abin haushin yake, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bawan Allahn nan duk wanda ya gani sai ya tambaye shi ina ake zuwa a ga hasken, mutanenmu kuwa suka mayar da shi abin dariya. A gidan abincin da muke taruwa, da ya shigo sai wani ya kunna masa tocila a fuska ya ce ga hasken arewa nan ya iso. Manyan mutane fa, masu gemu! Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi, wani ya ce ya je Umara mana in yawo yake so, kamar su suka haife shi. Mafi muni shi ne wani ɗan biza, namu ne, Bahaushe, ba zan kama sunansa ba, wanda ya karɓi fasfonsa da sunan zai sabunta masa zama ya kuma nemo masa hanyar arewa. Lokacin an matsa wa baƙi da binciken takardu saboda wasannin, mutum ba fasfo ko unguwarsu ba ya son bari, balle ya shiga jirgin ƙasa ya keta Chana. Yau a ce gobe, gobe a ce jibi, ƙarshe in mun je ofishinsa sai yarinyar da ke tsare wurin ta ɗaga mana hannu ta ce meyo, wato babu. Idon Alhaji kuwa kullum ƙara dushewa yake, ya kasa zuwa arewa, ya kasa komawa gida.

Ana cikin haka ranar lodin kayansa ta zo, a wani sito da ke Huangpu. Zafi ake yi irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. Ƴan kasuwarmu da yawa suna da al'ada, kafin a rufe kwantena a buga mata hatimi sai mai kaya ya shiga ciki shi kaɗai ya tofa addu'a a kan katan-katan ɗinsa, don teku ba abin wasa ba ce. Masu lodi suka koma inuwa cin shinkafarsu, Alhaji ya yi bisimilla ya hau.

Wanda ya san ƙyauren kwantena ya san nauyinsa, sai ƙato ya sa ƙarfi. Wallahi babu iska, babu kowa kusa, ina kallo ƙyauren nan biyu suka taho a hankali suka haɗe. Na ruga na kama ƙarfen ina ja, masu lodi biyu suka taso suka kama mini, ko gezau, alhali sakatun a buɗe suke. Sai na ji yatsun ƙafata sun ƙandare cikin silifas, na duba ƙasa, wani sanyi ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar har da tururi, tare da shi kuma koren haske yana motsi a kan siminti, ya ja baya ya dawo, can ya ɗan yi ja-ja. Innalillahi! Ƴan Chanan nan suka saki ƙarfe suka ja da baya, ni ma ban san sanda na daina ja ba.

Ba a jima ba ƙofar ta saki da kanta. Alhaji na tsaye, gemunsa da girarsa fari fat da ƙanƙara, haƙoransa na haɗuwa amma murmushi yake. Ya miƙo hannu wajen da ba na nan, ya ce, "Ɗana, kama ni. Na gane shi, na ga hasken."

Da na kai shi asibiti, likita ya haska idon daman ya sake haskawa, ya ce jijiyar ta mutu murus, kuma bai san dalilin wannan gaggawa ba. Mutanenmu kuwa nan da nan kowa ya zama masani, wai fitilun ne suka kama da kansu, wai kwantenar mai firji ce. Ni na yi lodin nan, fitilun farin haske gare su, suna cikin kwalayensu a liƙe, kwantenar kuma busasshiya ce irin ta kowa. Ɗan bizar nan da ya ji labari sai ga fasfo ya fito, ya aiko da shi ko kunya babu, Allah ya isa tsakaninmu da shi.

A filin jirgin Baiyun, muna jiran wanda zai riƙe masa hannu zuwa gida, na daure na tambaye shi me ya faru a ciki. Ya ce da ƙofa ta rufe sai ya ga babu rufi, babu katan, sai fili da sama, ga kuma wani tsaye a gefensa na hagu inda ba ya gani, ya yi masa sallama da Hausar Maraɗi tsantsa, ya ce ga hajar da Alhaji ke nema, hasken nan, amma da sauran ganin idonsa zai biya.

Alhaji ya ce, "Na ce albarka, yas sake tayawa, na ce albarka. Sannan yab buɗe min ɗan gefe kaɗan in gani. Ɗana, sai na ji bakina ya ce na sallama."

Na ce, "Alhaji, jikan fa?"

Sai ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wallahi sa'adda nika cinikin ga, ban tuna da shi ba."

Ban san ko waye wancan da ya yi ciniki da shi ba, ba na kuma son in sani. Har na bar Chana ban ƙara tsayawa kusa da ƙofar kwantena ni kaɗai ba. Ku masu karatu, wanda ke son ganin hasken nan ya nemi biza ta hanyar gaskiya, ya sayi rigar sanyi ya tafi inda ake ganin sa da ƙafarsa. Kuma in ranka ya ƙwallafa a kan abu, ka daina tallar sa a kowane lungu, don ba mutane kaɗai ke saurare ba. Alhaji Lawali ya isa Maraɗi lafiya, an ce da aka miƙa masa jaririn sai ya dinga shafa fuskarsa da yatsu yana tambayar wa ya ɗauko.