Tsagar Gidanmu

Ni mutum ne mai mantuwa, har matata takan ce in aka aike ni sayen gishiri labari nake dawowa da shi. Amma tafiyar da na yi zuwa garin Rusairis ana shirin sunan ɗana, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Duk namijin da aka haifa a gidanmu yana da wata 'yar tsaga a saman girar hagu. Guda ɗaya ce tak, karkatacciya, da ɗan lanƙwasa a ƙarshenta, launinta shuɗi mai duhu. Wanzami ke yin ta ranar suna, ya goga mata shuni da baƙin tukunya don ta kama. Kakana yana da ita, mahaifina da ƙannensa suna da ita, ni ma ga tawa nan har yau. A ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da garin Abu Hujar, nan gabas kan tsohuwar hanyar Makka, babu gidan da ke da irinta. Yawancin maƙwabtanmu jikokin mutanen da suka yi hijira daga Sakkwato ne, kowa yana iya jero maka kakanninsa. Mu kuwa namu lissafin a kan Kaka yake tsayawa, ba wanda ya san garinsu. To ni da ba na son a fi ni baki a wurin shan gahawa, sai na cike gurbin da kaina. Na ce tsagar wani babban gidan malamai ce. Na yi ta faɗa har na wayi gari ni ma na yarda.

Kaka dogo ne, marar yawan magana, mai tarin da ba ya warkewa. Yana son mu ƙwarai, aljihunsa ba ya rabuwa da dabino saboda mu. Sai dai yana da wasu halaye da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Ba ya shiga matamura, wato ramin da muke binne dawa, ko da kuwa hannu kawai zai miƙa. Ba ya leƙa rijiya. In an kai gawa yakan yi salla da kowa, amma ba ya matsawa bakin kabari. Ɗaki ma bai cika son kwana ciki ba, ya fi son rumfa. In ya yi shiru kuma, sai ka ga ya ɗora yatsu biyu a kan tsagar nan yana shafawa. Ya rasu ina saurayi, ban taɓa tambayarsa komai ba, don a lokacin dabinon ne ya dame ni.

Bayan 'ya'ya mata biyu Allah ya ba ni namiji. Tun kafin a yanke cibiya na aika wa wanzami cewa ya wasa askarsa. Ashe matata ta ji. Da na shiga ganin jaririn sai ta janye shi zuwa ƙirjinta.

"Ba wanda za ya sa ma ɗan ga aska ga huska," ta ce.

"Ke, mi kike hwaɗi? Tsagar gidanmu ta!"

"To hwaɗa min asalinta, Malam. Ba labarin da kake ba mutane wurin gahawa ba. Kawo min maganar wanda ya sani. In ka kawo, ni da kaina zan riƙe shi ga wanzami. In ba ka kawo ba, halas, magana ta ƙare."

Raina ya ɓaci sosai, musamman da na ga ungozoma tana danne dariya. Na fita fuu, na nufi gonar albasa inda mahaifina ke ban ruwa, na ce ya faɗa mini abin da zan je in rufe mata baki da shi. Ya jingina da fartanya, ya daɗe yana kallon ruwa yana bin kwari, sannan ya ce shi ma bai sani ba, bai taɓa samun fuskar tambaya ba. Amma akwai wani tsoho a Rusairis da suka zo ƙasar nan tare da Kaka. Ya zo jana'izar Kaka, ya zauna gefe ya yi ta kuka. In yana da rai, shi kaɗai ya rage.

Washegari da sassafe na hau mota. Duk tsawon hanya ina tsara yadda zan dawo in zauna a tsakar gida in jero sunayen waliyyai, matata tana sunkuyar da kai.

Na same shi a unguwar Hausawa, zaune kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, yana tufka. Ya tsufa tukuf, amma idonsa garau. Na durƙusa na gaishe shi. Kafin in faɗi ko ni wane ne ya ajiye igiyar, ya miƙo hannu ya taɓa girata, ya ambaci sunan Kaka. A nan ne na ga bayan hannunsa. Duk ɗigo-ɗigo ne da layuka shuɗaye, irin launin tsagarmu sak, har zuwa gwiwar hannu. Farin ciki ya kama ni.

"Allahu Akbar! Baba, ashe kai ma ɗan gidanmu na!"

Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, irin tarin Kaka. Da ya lafa ya ce, "Ya waladi, ɗana, in wagga ita ta dangantaka, to danginku sun cika rami guda. Zamna in ba ka labari."

Ya ce suna samari suka haɗu da Kaka a Inugu, can kudancin Nijeriya, inda ake haƙar kwal, baƙin dutsen nan da jirgin ƙasa ke ci. Cin rani ya kai su. Kaka ba shi kaɗai ya je ba, da ƙanensa, yaro mai fara'a da waƙe-waƙe, wanda ya nace sai ya bi yayansa. Ranar da za su bar gida uwarsu ta kama hannun ƙaramin ta sa a na babban, ta ce ga amana nan.

Ya kwatanta mini ramin. Ana shiga ta cikin dutse a yi ta tafiya a sunkuye, fitila a goshi, ruwa yana ɗiga a wuya. Gumagumai aka kakkafa suna riƙe da rufin. Tsofaffin ma'aikata sun koya musu cewa kunne ya fi ido amfani a can ciki: in ka ji itace ya fara ƙara, ko ka ga ɓeraye suna gudu gaba ɗaya, ka yar da abin hannunka ka bi su. Duk wanda dutse ya yanka kuwa, ƙurar kwal takan shige cikin ciwon, in ya warke ya bar shuɗin tabo har abada. Ya juya hannuwansa ya nuna mini.

"Rannan mun ji itace ya yi magana," ya ce. "Munka sheƙa. Kakanka na gaba, yaron na baya ga tura tarago. Da kakanka ya waiga bai gane shi ba, sai ya koma. Nan rufi ya zubo. Dutse ya sare shi ga gira. Ni da wasu mutum biyu munka ja shi waje yana harbin mu, yana kiran sunan yaron."

An yi ta tono, an fitar da waɗanda aka iya fitarwa. Ƙanen Kaka yana cikin waɗanda ƙasa ta riƙe. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa sutura ba, ramin ne ya zama kabarinsa.

Da ciwon ya warke tsohon ya raka Kaka gida don ya kai labari. Sun isa har inda ake hango ƙofar gari. Kaka ya zauna a gindin wata tsamiya tun hantsi har la'asar, ya kasa tashi. Ya ce ba shi da idon da zai dubi tsohuwarsa da hannu ɗaya babu kowa a ciki. Daga ƙarshe ya ba wani falke saƙon, shi kuwa ya juya gabas, ya bi hanyar masu zuwa Makka, abokinsa yana biye da shi. Haka suka yi ta tafiya suna ƙwadago, suka tsinci auduga a gonakin Jazira, suka ɗauki dutse a aikin madatsar ruwa, har kowa ya yi aure ya zauna.

Gidan malaman da na gina da bakina ya rushe, amma ba shi ne ya dame ni ba. Fuskar Kaka nake gani a bakin maƙabarta, yana tsaye nesa da kowa, mu kuma muna ƙunshe dariya. Kunya ta rufe ni, tausayinsa ya cika mini ciki.

Na ce, "To Baba, ƙaƙa tabon rami ya koma tsagar gida?"

Ya ce ai yana wurin. Da aka haifi mahaifina, shi ya ba Kaka shawara ya mayar da sunan ƙanensa. Kaka ya ce harshensa ba zai iya ɗaukar sunan nan safe da yamma ba, aka sa wani. Da wanzami ya gama aski sai ya tambaya wace ce tsagar gidan. Kaka ya ɗora yatsu a gira yadda ya saba. Wanzami ya ɗauka nuni ake yi masa. Ya dubi fuskar uba, ya dubi ta ɗa, ya ja aska.

"Na miƙe in hana, kakanka ya riƙe min riga. Ya dubi jaririn, hawaye na zuba, yac ce a bar shi. Daga baya yac ce min, tunda ba shi iya kiran sunan, to ko wannan ta tsaya mai a gidan."

Na tambaye shi sunan. Ya faɗa mini a hankali. Suna ne na kowa da kowa, a layinmu kaɗai akwai masu shi da yawa. Sai a lokacin na lura cewa duk yawan mazan gidanmu babu ko ɗaya da aka taɓa sa wa shi.

Da na dawo gona na fara zuwa. Na zaunar da mahaifina a kan kunya na ba shi labarin tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya kai hannu girarsa, yatsu biyu, kamar yadda Kaka ke yi, ya ce, "Ashe ina da baffa." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Matata kuwa na shiga wurinta ba tare da ko ɗaya daga cikin waliyyan da na yi niyya ba. Na faɗa mata gaskiya, ina jiran ta ce ai dama ta faɗa. Sai na ga tana share ido da gefen mayafi.

"Na yi alkawali," ta ce. "Ka kawo asali, kuma ya hi wanda kake hwaɗi. Kira wanzami, ni ka riƙe shi."

Wannan mata ta iya kashe mini baki. Na dubi goshin yaron, sumul, yana barci bai san abin da ake ciki ba. Na ce mata a'a. An yi tsagar ne don an kasa kiran suna, mu kuwa yanzu muna da sunan.

Ranar suna mahaifina da kansa ya raɗa wa liman sunan ƙanen Kaka. Da aka faɗa da ƙarfi, jama'a suka shafa fatiha kamar kowane suna, ba su san abin da ya dawo gida ba. Sannan mahaifina ya roƙi a ƙara addu'a ga wani mamaci da ya daɗe yana jiran ta danginsa. Wanzami ya yi aski, ya ɗauko 'yar ƙaramar askarsa da shuni, mahaifina ya ce ya mayar. Ya mayar yana gunaguni, wai mun zama 'yan birni. Bayan arba'in muka ɗauki yaron muka kai wa tsohon Rusairis. Ya rungume shi ya yi ta kiran sunan yana dariya, kuma bai ƙara shekara a duniya ba.

Kun san al'adarmu, yaron da ya ci sunan babba ba a kiran sa gatsau, sai a sakaya. Mata suka fara ce masa Baffa. Mahaifina, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a gida ba, ya fito tsakar gida ya ce, "Kada in sake ji. Sunan ga ya daɗe cikin rami. Ku kira shi, ku kira shi da ƙarhi."

Yau yaron ya fi ni tsawo, girarsa babu ko ƙwarzane, kuma a yini akan ƙwala masa kira daga gona zuwa bakin kogi har maƙwabta su gaji. Ni ne na ƙarshe mai tsagar a zuriyarmu, in na shafa ta yanzu na san abin da nake taɓawa. Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho da wani hali da ba ka gane ba, kada ka yi dariya, kada kuma ka ƙaga masa labarin da zai yi maka daɗin faɗa. Zauna kusa da shi ka tambaye shi tun yana iya amsawa. Ni na ci dabinon Kaka shekara da shekaru ban tambaya ba, saura ƙiris sunan nan ya tafi tare da mutum na ƙarshe da ya san shi.