Saniyar Hammadu da Ledojin Filin Darbejiya

Hammadu ya zo Ƙaura Namoda daga Gurbin Bore da saniya guda, abin da ɓarayin daji suka bar masa ke nan. Ya kafa bukka a bayan filin darbejiya, inda 'yan gari ke shan iska da yamma, su ci awara su watsar da leda. Ta gefen filin hanyar rafi ta bi. Kullum da safe yakan bi hanyar da buhu, saniyar na bayansa, yana tsince leda, yana sare ƙaya, yana cike inda ruwa ya zaizaye.

Mutane suka ce bawan Allah ne, lada yake nema. Ba haka ba ne. Saniya in ta ji ƙanshin mai da gishiri haɗiye leda take yi, leda kuwa ba ta narkewa a tumbi. Tsoro ke sa shi duƙawa, kuma yana tsinta yana zagin masu zubarwa da Fillanci.

Wata Asabar sai ga Mu'awiya, shugaban wata ƙungiyar matasa, mai harin kujerar kansila. Mutanensa na biye da shi cikin korayen riguna, da tsintsiyoyin da ba su taɓa ƙasa ba.

"Baffa, ai kai aka ba mu labarinka!" in ji Mu'awiya. "Amma hwa ka ɓata muna aiki. Wurin ga tas, mi za mu ɗauka a hoto?"

"Ku ɗauki itace," in ji Hammadu.

Suka yi dariya. Ɗayansu ya karɓi buhun, ya zazzage shi a kan hanya, ya baza da ƙafa. Suka shiga sharewa a hankali, mai waya na cewa a ƙara duƙawa.

A nan ya kamata Hammadu ya ɗaga sanda. Bai ɗaga ba. Sun zura masa koriyar riga, sun tsayar da shi a tsakiya, sun kira shi uban ƙungiya. Tun da aka kore shi daga ruga ba wanda ya ce masa komai sai "Baffa, kauce." Abin ya yi masa daɗi. Da suka ce ya zo can ƙarshen fili ya yi wa waya jawabi, sai ya bi su, ya bar saniyar.

Kafin ya dawo sun ci shinkafa da mai, sun ɗora ledojinsu a kan tarin sun tafi. Saniyar na tsaye a wurin tana lasar hanci.

Ta daina cin ciyawa, ciki ya kumbura, ta rame har ƙashi ya fito. Da ta kasa tashi aka kira Dogo mahauci. Ya yanka ta, ya farke tumbin, ya jawo dunƙulen leda baƙi mai wari.

"Wanga ba na rana guda ba ne, Baffa," in ji Dogo, don ya sanyaya masa rai.

"Sauran ta jure," in ji Hammadu. "Na ranar hoton nan ne ya kashe ta."

Hoton ya fito a fastar takarar Mu'awiya, Hammadu a tsakiya yana washe baki. Bai yage ta ba. Da koriyar rigar ya naɗe dunƙulen, ya ajiye a ƙofar gidan Mu'awiya.

Bai sake tsintar leda ko ɗaya ba. Ƙaya ta rufe hanyar rafi, leda ta rataye a kowane reshe. Masu shan iska kan ture ta da takalmi kafin su shimfiɗa tabarma, suna cewa tsohon nan ya lalace, dā can mai tsoron Allah ne.