Sunayen Gonakin Injiniya Sabo

Duk wanda ya san taubashina Injiniya Sabo ya san ɗan yatsan nan nasa guda ɗaya. Da shi yake buga kwamfuta, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsince tsaba, yana faɗin, "Kowa da sunansa."

Tun da ya yi ritaya daga aikin awon filaye ya ɗora wa kansa gina taswirar gonakin ƙungiyarmu ta manoman rani a kwamfuta, mai tudu da kwari, wadda ake jujjuyawa a ga kanal da kowace ƙofar ruwa. Gonaki ɗaruruwa, kuma kowacce sai ya raɗa mata suna da hannu. Ɓata lokaci tsagwaronsa!

Na ce, "Haba Sabo! Akwai inda za ka zaɓe su duka, ka latsa sau ɗaya, su zama Gona ɗaya, Gona biyu, an wuce wurin."

Ya kalle ni sheƙeƙe. "Haka ka yi wa 'ya'yanka ranar suna?"

Da sunayen arziki ne ma da sauƙi. Ran da aka haska taswirar a taron ƙungiya, ga "Tumatirin Malalaci", ga "Albasar Mai Ƙorafi". Shugabanmu Alhaji Iro, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu kan gonar Talatu, gwauruwar da ke ƙarshen kanal, ya hango tasa an rubuta "Mai Toshe Ruwa".

"Wane marar kunya ne ya rubuta wannan?"

Sabo ya ce, "Wanda ya gan ka da buhun yashi."

Ranar aka yanke a goge sunayen, aka ba ni aikin. Wallahi da murna na karɓa. Na bari ya tafi sallar Juma'a a Kura, na latsa sau ɗaya, komai ya koma lamba. Wata guda ba ya amsa sallamata. Ran da ya huce, sai ya daki hularsa ya ce, "Kun goge naku." Ashe filas, ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta, mai ɗauke da kwafin taswirar da sunayenta, yake ɓoyewa a naɗin wata kodaɗɗiyar hula da ya ƙi canzawa tun muna samari.

Bara ya rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba Alhaji Iro ya ce gona mai lamba tamanin da bakwai tasa ce, aro ya ba mijin Talatu. Taswirarmu kuwa lamba ce kawai, ni na mayar da ita haka. Kunya ta kama ni. Na je wurin iyalinsa na roƙi hular.

A gaban dattawa na buɗe filas ɗin a kwamfuta, ina fargabar irin zagin da zan tarar. Sai ga shi: "Gonar Talatu, gadon mijinta Isa, ni na auna, ranar ban ruwanta Laraba, kada a taɓa." Ita kaɗai ce babu tsiya a sunanta. Alhaji Iro ya ce yana da uzuri a Bunkure, ya saɓi babbar riga.

Kafin in rufe na leƙa tawa. "Gonar Sarkin Gaggawa, amma ɗan'uwana ne."

Ja'iri, har yanzu sai da ka rama. Allah ya jiƙanka Sabo, ya yafe maka bakin nan naka, ya sa a kira ka da mafi daɗin sunayenka.